Jar Motar Yaya a Hannun Kwastan

Litinin, da hantsi

Dogo ya kira daga ƙetaren iyaka. Ya ce kayan sun hau motarsa, gobe ko jibi zai shigo. Dogo direban babbar mota ne, tsohon abokin Yaya, kuma idan ya ce gobe ko jibi, ni wani makon nake sa rai. Duk da haka na share gefen gareji, na kawar da tsofaffin tayoyi, na shimfiɗa kwalaye a ƙasa.

Kayan na Yaya ne. Shi ya yi odarsu tun kafin ranar da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Motar tsere ce, ja, irin wadda ake gani a hoto, sai dai ba ta ainihi ba ce. Akwai wani mutum a ƙasar maƙwabta da yake ƙera kwaikwayonta. Ya zuba gangar jikin da faiba, wata irin roba mai tauri, ya haɗa ƙarfen ƙasa, ya ba ka tayoyi da kujeru biyu da sitiyari, kowanne a akwatinsa. Inji da wayoyi kai za ka nema ka sa. Yaya ya daɗe yana ɓoye injin wata tsohuwar mota a ƙarƙashin tamfol saboda ita. Shirinmu shi ne shi ya ɗaura inji, ni in ja wayoyi, kamar yadda muka saba. Shi bakanike, ni mai gyaran wutar mota, gareji ɗaya tun ina saurayi.

Litinin, bayan la'asar

Na je na gaya masa. Yana kwance fuskarsa na kallon bango. Matarsa ta ce, "Tashi, ga Autanku ya zo da albishir." Na haura arba'in, ga furfura a gemu, amma har yau Auta nake a gidan nan.

Na ce, "Yaya, motarka ta taso."

Ya daɗe kafin ya haɗa maganar. Ya ce, "In ta zo... ƙofa... zan fito."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taka ko bakin ɗakin ba. Likita ya ce lallai ya riƙa tafiya, ko taku kaɗan ne, in ba haka ba ƙafar za ta saba da kwanciya ta ƙi tashi gaba ɗaya. An yi lallashi, an yi faɗa, ya ƙi. Sandar da aka saya masa tana jingine a bayan ƙofa, ko ledarta ba a cire ba. Saboda haka na riƙe maganar nan tasa hannu biyu. Matar Yaya ta biyo ni har waje ta ce, "Ka ji da kunnenka, na ji da kunnena. Ka kawo min motar nan ko a ka za ka ɗauko ta."

Na ce, "Anti, kan nawa ai ba ya ɗaukar ko tire."

Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta an kwana biyu.

Laraba, da safe

Dogo bai iso ba. Wayarsa a kashe.

Laraba, da yamma

Wani mai tasi ya kawo mota, ya leƙa ya ga babu Yaya, ya ce zai dawo. Na san ba zai dawo ba. Tartsatsi, mai waldarmu, ya ce in daina kallon mutane kamar na ci musu amana, shi ya sa suke gudu. Na duba fuskata a madubin wata mota. Ban ga abin da yake faɗa ba, amma wataƙila ya fi ni gaskiya.

Alhamis, da rana

Dogo ya kunna waya.

Ya ce, "Auta, ka zauna tukuna."

Na ce a zaune nake, alhali a tsaye nake.

"Wata 'yar magana ce ta taso a boda. Ba babba ba ce. Kwastan sun riƙe ta."

"Sun riƙe akwatunan?"

Ya yi gyaran murya. Ya ce, "To, ai maganar ke nan. Babu akwatuna."

Abin da ya faru, yadda na iya tattarawa daga bakinsa: da ya je ya ga tarin akwatunan katako, sai ransa ya ɓaci. Ya ce mutum yana kwance ba lafiya, a kai masa katakai ya kalla? Sai ya sa ma'aikatan mai ƙerawar suka ɗaura tayoyin, suka ɗora jikin, suka sa kujeru da sitiyari, aka turo ta kan motarsa. Ya ce da na ga yadda mutane suka riƙa ɗaga masa hannu a hanya da ban yi fushi ba.

Su kuma kwastan suka ce kayan gyara a akwati hanyarsu daban, amma duk abin da ya tsaya kan taya huɗu da sitiyari mota ne. Mota kuwa sai da lambar shasi da takardun ƙasar da ta fito. Wannan ba ta da ko ɗaya, don ba a taɓa yi mata rajista ba. Sun sauke ta a filinsu. In aka daɗe ba a warware ba, gwanjo za a yi da ita.

Na ce, "Dogo, ban ce maka kada a buɗe akwatin ko ɗaya ba?"

Ya ce, "Wallahi ba ka ce ba."

Tun ɗazu nake tunani. Ina jin na faɗa masa. Ina tuna ina tsaye kusa da famfo na ce masa. Amma yana yiwuwa a zuciyata na faɗa, don nakan yi haka.

Juma'a, da yamma

Na ce wa Yaya hanya ce ta lalace. Bai juyo ba. Hannunsa na hagu yana kan bargo inda matarsa ta ajiye shi tun safe.

A waje ta tare ni. Ta ce, "Kai in kana ƙarya kunnenka ne yake motsi. Faɗi." Na faɗa mata. Ta ce Dogo ya gode wa Allah ba ya kusa. Sannan ta ce in je, in kuma bar ta da Yaya, za ta san abin da za ta riƙa ce masa.

Maman yara ta haɗa min jaka. Ta sa min riga uku, na cire ɗaya, ta mayar.

Asabar, bayan azahar, a boda

Mun iso ni da Tartsatsi. Filin kwastan babba ne, an kewaye shi da waya, cike da motocin da rana ta cinye wa fenti. A tsakiyarsu ga tamu.

Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Gajeriya ce, da ƙyar ta kai min ƙugu, hancinta kamar zai taɓa ƙasa. Na tsaya na manta abin da ya kawo ni. Jami'ai biyu suna jingine da ita ana ɗaukarsu hoto, wata jami'a kuma tana ciki ta riƙe sitiyari tana cewa a ɗauka da kyau. Dogo yana gefe ya sunkuyar da kai, amma na ga yana murmushi.

An kai mu wurin babban jami'in. Mutum ne mai jiki, mai magana a hankali, yana goge tabarau da gefen rigarsa. Na shirya bayanina tun a mota, na maimaita shi a raina har ya zauna, amma da na buɗe baki sai na ce, "Ranka ya daɗe, ba mota ba ce."

Ya leƙa ta taga. Ya ce, "Wancan jan abin?"

"E, ranka ya daɗe. Ba ta da inji."

"Rabin motocin filin nan ba su da inji. Mota ko ta mutu mota ce."

Tartsatsi ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba a ma haife ta ba balle ta mutu."

Na taka masa ƙafa, amma jami'in ya yi dariya har tumbinsa na rawa. Ya tambaya ko jabu ce. Na ce kwaikwayo ce, kuma mai ita ya san kwaikwayo ce, ba wanda za a yaudara. Ya tambayi ina mai ita. Na ce ba ya jin daɗi. Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba, na gode masa a raina.

Ya mayar da tabarau ya ce, "Ni dai abin da idona ya gani nake rubutawa. Ranar da aka kawo ta na ga mota. Yau ma na ga mota. Litinin da safe zan sake zagaya filin nan. In na ga wani abu daban, shi zan rubuta."

Sai da muka fito Tartsatsi ya fassara min: mu kwance ta kafin Litinin. Ni na ɗauka korarmu ya yi.

Asabar, da magariba

Mun sami ɗaki kusa da tasha. Fanka tana juyawa tana kuka, iska kuwa babu. Dogo ya kawo akwatin sufanunsa.

Ban taɓa kwance mota daga sama har ƙasa ba. Wannan aikin Yaya ne, ni nakan zo ne bayan ya gama in bi da wayoyi. Faiba kuma ba ƙarfe ba ce, in ka matsa mata sai ta tsage, ba a bugawa ta miƙe. In na tsaga ta me zan kai ƙofar?

Na je wurin mai shayi na roƙi gwangwanayen madara da ya gama da su. Ya ba ni buhu guda yana tambaya ko kiwon wani abu zan fara. Na sayi salatif da biro mai kauri. Kowane noti zai shiga gwangwaninsa, kowane gwangwani da sunan inda notin ya fito. Tartsatsi ya ce da haka nake yi wa rayuwata da yanzu na zama minista.

Lahadi, da rana

Mun fara da sassafe. Kujeru suka fita, sitiyari ya fita, gilashin gaba ya fita lafiya, na naɗe shi da rigata ta uku. Direbobin da suka maƙale a boda duk suka taru a bakin waya, kowa da shawararsa. Wani ya ce a fara da baya. Wani ya ce shi ya taɓa tuƙa ta ainihin a wata ƙasa, aka ce masa ya zauna. Jami'ar nan ta jiya ta zo ta tsaya tana cewa, "Kai, kun cuce ta. Haba malam, ba ka da tausayi?"

Muka kwance duk notin da muka gani. Mutum huɗu muka kama jikin, muka ɗaga. Gaba ya tashi, baya ya tashi, tsakiya ya ƙi. Muka sake. Sai na ji wata 'yar ƙara, ƙas, na yi ihu a sauke. Na shiga ƙarƙashi da tocila, na fito, na sake shiga. Ban ga komai ba. Dogo ya ce a ɗaga da ƙarfi kawai. Tartsatsi ya ce masa, "Kai dai ƙarfinka ne ya kawo mu nan, yi mana shiru."

Mai ƙerawar ba ya ɗaukar waya ranar Lahadi. Na zauna a kan taya ina kallon gwangwanayena. Mutum ɗaya ne na san ya yi watanni yana nazarin hotunan motar nan har ya haddace ta.

Na kira matar Yaya. Na ce ta sa masa wayar a kunne. Na faɗa masa komai, da akwatunan da babu, da kwastan, da gwanjo. Ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Dogo."

Na ce, "Yana nan, Yaya."

"Jaki."

Dogo ya ji, don na sa a lasifika. Ya ce, "Na karɓa, maigida, na karɓa!" Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana gyara hula.

Na ce, "Yaya, tsakiya ta ƙi tashi."

Ya ce, "Kafet. Ɗaga... kafet. Bayan... kujera. Biyu."

Na ɗaga kafet ɗin. Ga su nan, noti biyu, an shafe kansu da baƙin fenti. Muka kwance, jikin ya tashi kamar murfin kwano. Direbobi suka yi ta tafi.

Ƙarar da na ji ɗan tsagi ne a gefen ƙofar hagu, bai kai tsawon yatsa ba. Na rufe shi da salatif don kada idona ya riƙa komawa wurin.

Lahadi, da yamma

Matar Yaya ta kira. Ta ce bayan na kashe waya ya sa ta tayar da shi zaune. Ya ci abinci da kansa, yana ci yana zagin Dogo. Ta ce, "Rabon da ya yi magana mai tsawo haka tun..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban ƙarasa mata ba.

Litinin, da hantsi

Babban jami'in ya zo da hannuwansa a baya. Jikin yana can gefe a kan kwalaye, ƙarfen ƙasa yana nan, gwangwanaye a jere. Sai dai Dogo, don son kyau, ya kwantar da tayoyin nan kowacce a kusurwarta, ya ajiye sitiyari a inda direba zai zauna.

Jami'in ya zagaya. Ya ce, "Ikon Allah. Har yanzu idona mota yake gani, sai dai ta kwanta."

Tartsatsi ya ruga ya tara tayoyin a kan juna, ya ɗora sitiyari a samansu. Jami'in ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya ce, "Yawwa. Kayan gyara. Wa ya zubar da su a filina?"

Kafin azahar an gama da mu. Da zan fita ya kira ni gefe ya ce in ta tashi in turo masa hoto, kuma in gaida mai jiki.

Da yake akwatunan suna can ƙetare, mun sayi tsofaffin katifu a kasuwar boda muka naɗe komai. Na hau bayan motar Dogo na zauna kusa da jikin, na riƙe igiya. Tartsatsi ya ce ko amarya ba a yi mata wannan rakiyar.

Talata, da yamma

Mun iso gareji. Babu abin da ya fashe. Na duba gwangwanaye, duk suna nan. Bayana ne kawai bai iso ba tukuna.

Laraba, da safe

Na ce wa Yaya motarsa tana gareji. Yana zaune, an sa masa matashi a baya. Ya ce, "Ƙofa... na ce. Da inji."

Gaskiyarsa ne, haka muka yi.

Na yanke shawara ba zan sake damunsa da tambaya ba. Ya isa haka, na kira mara lafiya daga boda ina ba shi labarin gwanjo. Zan haɗa ta tsaf, in kai masa tana aiki, ya ga ƙaninsa bai zauna kusa da shi shekarun nan a banza ba.

Asabar, bayan la'asar

Mun yaye tamfol. Injin yana nan yadda ya bar shi, ya shafe shi da mai, ya toshe kowane rami da tsumma. Na daɗe ina kallon tsummokaran. Ƙullin hannunsa ne, da hannu biyu ya yi su.

Tartsatsi ya yi waldar ƙafafun injin. Sau biyu na auna, ya ce in na sake aunawa zai yi min walda a jikin bango. Giyabos ya ba mu wahala, ya ƙi shiga, na kusa ɗaukar waya in kira Yaya, sai na hana kaina. Muka juya shi kaɗan ya faɗa.

Litinin, da rana

Wayoyi. Nan kam gidana ne. Na shimfiɗa su a kan tebur, kowacce na liƙa mata 'yar takarda. Ina aiki ina waƙa, Tartsatsi ya leƙo ya ce wa ake yanka.

Laraba, da yamma

Ban je gidan Yaya ba tun Asabar, aiki ya riƙe ni. Matarsa ta kira ta ce kullum sai ya tambaya, "Bai kira ba?" Ya sa an ajiye masa wayar kusa da hannunsa na dama.

Na gane ya ƙosa. Zan ƙara sauri.

Juma'a, da hantsi

Ta tashi! Bugu ɗaya! Na murɗa makulli ta amsa, murya sumul, babu tari babu rawa. Tartsatsi ya jefar da hularsa sama ta faɗa cikin bokitin baƙin mai. Dogo ya zo ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Na tura wa jami'in boda hoto, ya amsa da cewa yanzu kam idonsa ya ga mota.

Na cike tsagin nan na shafa fenti. Sai wanda ya sani zai gani. Ni na sani.

Asabar, da yamma

Na kai ta.

Tafiyar ta yi daɗi. Duk tudun da ke kan titi sai na hau shi a karkace don kada cikinta ya gogu, masu babur suna bi na suna tambaya nawa ce. Na tsaya daidai tagar ɗakin Yaya, wadda ke kallon titi. Maƙwabta suka fito. Na bar injin yana aiki don ya ji.

Labule ya motsa. Matarsa ta taimaka masa ya matso bakin gado, ya leƙo. Ya kalle ta daga hanci har wutsiya. Ya karkata kai ya saurara, ya daɗe yana saurare. Ni kuma ina tsaye ina murmushi kamar ɗan makarantar da ya zo na ɗaya.

Ya ce, "Ta yi."

Na ce, "To Yaya, ga ta a ƙofa."

Ya ce, "Kun iya... babu ni."

Ya saki labulen.

Na jira. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya. Matar Yaya ta fito idonta ja, ta ce ya koma ya kwanta, fuskarsa na kallon bango. Na kashe injin.

Lahadi, da safe

Yaya bai fito ba.

Litinin, da safe

Bai fito ba. Ya ƙi abinci. Na sake duba motar ko akwai abin da na yi ba daidai ba. Babu. Karo na farko a rayuwata da na duba aikina ban sami kuskure ba, kuma ban ji daɗi ba.

Litinin, bayan magariba

Maman yara tana ninke kaya ina zaune ina kallon bango, sai ta ce, "Ka tuna lokacin da na yi jinyar nan, ƙanwata ta zo ta riƙe gidan?"

Na ce na tuna, ta yi ƙoƙari ƙwarai.

"Ƙwarai kuwa. Na tashi na tarar da kicin ya fi yadda nake barinsa tsafta, yara sun yi ƙiba, kai ma ka yi ƙiba. Na koma ɗaki na yi kuka. Da ta ƙona tukunya ko ɗaya ce da na fi saurin warkewa."

Na ce ban ga abin kuka a nan ba.

Ta ce, "Na sani. Miƙo min wancan zanen."

Ban gane abin da take nufi ba. Ko kuma na gane. Ban sani ba.

Talata, da hantsi

Na buɗe murfin injin da safe kafin Tartsatsi ya zo. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Talata, da yamma

Yau motar ta tashi da tari. Tana rawa, tana harbi ta salansa kamar bindiga. Tartsatsi ya fito da gudu ya ce, "Me ya same ta? Jiya lafiya lau!" Ya dubi injin, ya dube ni, ya sake duban injin. Ya ce, "Af." Ya shiga ya zauna a ɗaya kujerar.

Da ƙyar muka kai gidan Yaya. Na tsaya a ƙarƙashin tagar na taka totur. Fau! Kajin maƙwabta suka watse. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce ba ma tsoron Allah. Na sake takawa.

Daga ciki na ji, "Kashe!"

Tartsatsi ya ce, "Ka ji wani abu?" Na ce ƙarar ta yi yawa, ba na jin komai.

"Auta! Kashe... ta!"

Na taka. Ina cewa a raina in wannan ya tayar masa da ciwo ba zan yafe wa kaina ba. Na kusa murɗa makullin. Tartsatsi ya riƙe min hannu.

Sai ƙofar gidan ta buɗe.

Ya rame fiye da yadda yake a kwance. Sanda a hannun dama, ƙafar hagu tana biyo shi a baya. Matarsa tana bayansa ta ware hannuwa, ba ta taɓa shi ba. Ya sauko daga dakalin ƙofa, ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Titin ya yi tsit in ban da motar da ke tari. Na fito na buɗe murfin injin.

Ya jingina da jikinta, ya ɗaga sandar ya nuna. Ya ce, "Fulogi. Na biyu... na uku. Ka juya... wayoyin. Sakarai."

Na ce, "Kai! Haka ne fa, Yaya."

Na kashe, na mayar da kowacce wurinta, na tayar. Murya ta dawo sumul.

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, ni kuma ina goge hannu da tsumma ina kallon taya. Sai na ga gefen bakinsa na dama ya ɗaga.

Ya ce, "Kujera."

Matarsa ta ruga ta kawo. Ya zauna a gefen titi, a gaban kowa, ya ce silo, wato gudun injin a tsaye, ya yi sama in rage. Na rage. Ya ce belt ɗin fankar inji ya yi sako-sako. Wannan kam gaskiya ne, ban lura ba. Ya gano tsagin ƙofar hagu da na shafe, ya ce fentin kamar na makaho. Ya ce waldar Tartsatsi kamar kashin kaza. Tartsatsi ya ce, "Alhamdu lillahi, maigida ya warke."

Har rana ta faɗi yana zaune yana samun laifi. Da za a shiga da shi ya ce, "Gobe... gareji. Kafin ku kashe... motocin mutane."

Laraba, da hantsi

A tasi muka kawo shi. Ya gwada shiga jar motar, kujerar ta yi masa ƙasa, ƙafar ba ta lanƙwasa haka tukuna. Ya tambayi matarsa motsa jikin da likita ya ce a riƙa yi, ya ce a fara yau. Ya hana kowa tuƙa ta kafin nan, har ni.

Tartsatsi ya same ni a bayan gareji ya ce, "Wai ni Auta, mutumin da ke liƙa wa kowace waya takarda, yaya aka yi ya juya fulogi?"

Na ce masa tsufa ne.

Yaya yana kira. Wai na ajiye sufana a inda ba wurinta ba.